Kwanon Baba a Zaure

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Haka al'adar take, kunyar ɗan fari. In yana son wani abu daga gare ni, ko ina tsaye a gabansa, autarmu yake kallo ya ce, "Ce wa yayanki ya rufe ƙofar gareji." Ita kuma ta juyo tana dariya ta ce, "Yaya, ka ji dai." Ban taɓa ganin laifinsa ba. Ni ma ba mai magana ba ne, littafi ya ishe ni.

Baba ya karanta shari'a a Yamai, ya yi aikin lauya a Maraɗi, sannan ya dawo Tasawa ya buɗe mangaza, wato rumbun ajiyar kaya, yana sayen wake daga ƙauyuka. Daga baya aka zaɓe shi magajin gari na wata komin, wato ƙaramar hukuma, ta karkara da ke kusa, inda aka haife shi. Duk lokacin da yake kan kujerar, zaurenmu ba ya rabuwa da mutane. Masu rigimar gona, masu neman rijiya, da waɗanda suka zo gaisuwa kawai suka tarar da abinci. Da rana Inna kan fitar da shinkafa da wake a manyan tire, Baba na tsakiya yana tsokanar kowa. Ni kuwa sai in bi ta ƙofar baya in na dawo daga lise, makarantarmu ta sakandare, don kada a tsayar da ni.

Shekarar da nake shirin bak, jarrabawar gama sakandare, kujerar ta koma hannun wani. Mutane ba su ɗauke ƙafa rana ɗaya ba. Sun yi ta raguwa, har tire ya koma kwano ɗaya. Baba yakan zauna a bakin zaure, kwanon a rufe, in wani ya gifta ya ce masa, "Bismilla, Malam." Sai a ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe," a wuce. Da la'asar auta ta maido kwanon yadda aka kai shi.

"Ko miyar ce ba ta yi ba?" na tambayi Inna wata rana.

Ba ta kalle ni ba, ita ma kunyar take yi. Sai ta gaya wa tukunya. "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya buɗe kwano shi kaɗai ba. Ba ya iyawa. Ga likita ya ce kada ya sha maganin suga ciki ba komai."

"Ni da na ci da shi," in ji auta, "amma ya ce in zauna wajen mata, wai ina cika surutu."

Na fara lura da wuyan rigarsa, yadda ya yi masa yawa. Na san abin da ya kamata in yi, amma ɗan fari ba ya sa hannu a kwano ɗaya da ubansa, kuma ban san da wace kalma zan fara ba. Na yi kwanaki ina juya abin.

Ran nan na dawo daga lise, sai na bi ta ƙofar gaba. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon hanya. Maimakon in shige, na zauna a can gefen tabarma na buɗe littafin falsafa. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Aka kawo kwano. Wani mai amalanke ya wuce, Baba ya yi masa bismilla, ya yi godiya ya tafi. Har na fara tunanin tashi.

Sai na ji ƙarar murfi. Baba ya ce wa bango, "A gaya wa mai littafi abinci na hucewa."

Na wanke hannu. Muka ci, kowa na kallon gabansa. Nama yanka biyu ne, ya turo duka ɓangarena da ɗan yatsa, na maido ɗaya. Da muka gama ya sha maganinsa, ya tambayi hanya, "Me ake karantawa ne haka?" Na gaya masa. Ya ce su ma sun sha wahalarsa a zamaninsu.

Haka muka yi har na ci bak. Maganarmu ba ta ƙaru sosai ba, amma kwanon yana komawa ba komai.

Yanzu ina jami'a a Yamai. Da rana nakan ɗauki abincina in nemi kusurwa in zauna ni kaɗai. Auta ce ke kirana da wayar Inna.

"Baba ya ce a tambaye ka ko kana cin abinci."

"Ina ci. Shi fa, da wa yake ci?"

"Wani lokaci mai gadin mangaza. In bai zo ba, sai ya ce a ajiye." Na ji muryarsa daga nesa. "Ya ce wai yaushe ake ba ku hutu?"