Takalman Gindin Tsamiya

Jiya a hanyar Tsafe, motar hayar da na shiga ta biyo bayan wata tsohuwar babbar mota, sai ga zanen marigayi Baba a ƙyauren bayanta. Fentin ya koɗe, amma hannunsa ba ya ɓace mini: Dutsen Kwatarkwashi, shuɗin sama, tsamiya guda, da takalman mutum ɗaya a gindinta.

A tashar Gusau mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana yi wa direbobi zane. Yakan zana dutse da gulbi da gonar dawa, amma bai taɓa zana mai rai ba, don ya ce ba shi da ran da zai hura masa gobe kiyama.

Wata rana na kai masa ziyara, na tarar yana gauraya ja da ruwan ɗorawa a murfin gwangwani, rigarsa sai warin kananzir. Na dubi dutse da tsamiyar da ya zana a bayan wata mota, na ce, "Baba, wuri mai kyau haka ba kowa? Ai da kaɗaici."

Ya lakato baƙi da bakin buroshi, ya ɗiga takalma. "Ga mai wurin nan, ɗiyata. Salla ya tafi, yanzu zai dawo."

Na roƙi direbanmu ya ɗan dakata a bayanta. Ya ce, "Hajiya, mi za ki kallo ga wagga akwala?" Ya danna hon ya wuce, ni kaɗai nake waiwaye.

Takalman suna nan, Baba, har yau mai su bai dawo ba. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sauke ka inda ya fi duk abin da ka zana kyau.