Kunnen Baba Saurara

Kafin a buɗe shagunan layinmu, Baba Saurara ya riga ya share garejinsa, ya jera sifanoninsa a kan tsumma. A bakinsa ya samo sunan. Ka kawo masa mota kana ta zuba bayani, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Saurara." Ba shi za ka saurara ba, motar yake nufi.

Aikinsa hob ne, wato cibiyar da taya ke juyawa a kanta, da kuma fitilun gargaɗin nan da ke kamawa a gaban direba. Yana da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, kuma ya iya ta sarai. Amma hankalinsa ba ya kwanciya sai ya shige kujerar baya, ya sa mai motar ya tuƙa, yana ba da umarni kamar shi ya saye ta: "Karkata dama. Yanzu hagu. Kashe rediyon nan, ɗana, ba yawon shan iska muka fito ba." Idan gurnanin da tayar ke yi ya ƙaru da an karkata hagu, ya san hob ɗin dama ne ya cinye.

Wani direban da ke kai yara makaranta ya ba ni labarin ranar da ya je masa da jip. Fitilar birki ta dame shi, wani gwani ya liƙe masa ita da baƙin salatif. Baba ya ɓare salatif ɗin da farce ya ce, "Kai, mara lafiya na nishi, ka toshe masa baki?" Ashe hob ne ya yi lako-lako har ya ɓata wayar da ke kai wa fitilar saƙo. Direban ya yi magiya, ya yi fushi, amma motar ba ta bar garejin ba sai da sabon hob.

Kwanan baya na raka Yayata wurinsa da tata jip ɗin. Fitila ta kama mata, ga tafiya mai nisa a gabanta da jikoki cike da mota. Baba ya shiga baya, muka hau titi. Da Yaya ta karkata, ni da ita muka ji gurnanin ƙarara. Muka jira ya yi magana, shiru.

"Sake karkatawa, 'yata," in ji shi.

Ta sake. Ta madubi na hango shi yana kallon fuskarta, ya kasa kunne iya ƙarfinsa.

Da muka koma ya ɗaga motar da jek, ya dafa sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke bayan taya, da hannu ɗaya yana juya tayar da ɗayan, har ya ji kakkarwar a tafinsa. Ya canja hob ɗin, fitila ta mutu. Sannan ya zauna a benci yana goge hannu.

"Baba, ai ka gano shi," in ji Yaya.

"Hannu ne ya gano. Ba don na ga kin yamutsa fuska ba, da waya kawai zan canja in ce ki kama hanya da yaran nan. Bugun guduma ya cinye kunnen, 'yata. Na sauka daga sana'ar nan."

Baba, da ka yi shiru, mu ma da bakinmu alaikum. Da sunanka kaɗai za ka ci gaba da cika garejin nan, ba wanda zai zarge ka. Amma kai ne ka bi masu kawo maka mota ɗaya bayan ɗaya kana gaya musu da bakinka, kana tura su wurin waɗanda ka yarda da kunnensu. Wallahi abin ya taɓa mini zuciya, kuma ƙimarka ta ƙaru a idona. Mun gode, bangon direbobi, Allah Ya saka da alheri. Masu sana'a kuma ku duba: ranar da ƙarfinku ya gaza, ku faɗa, kafin wani ya hau titi da ransa a kan amanarku.

Da Yaya ta isa inda za ta, ta kira shi ina zaune wurinsa. Ya kara wayar a kunne, ya juya ta ɗaya kunnen, sai ya miƙo mini.

"Me take cewa, ɗana?"

Na ɗaga murya na ce, "Ta ce sun isa lafiya, har da yaran!"

Ya yi murmushi ya ce, "To, wannan kam na ji."