Sallamar da Na Ɗauko a Akwati

Mun bar Bauchi ana idar da sallar asuba, mu huɗu, dukanmu malaman makaranta da aka zaɓa mu je Ingila kwas na wata uku. Tun da na dawo duk wanda ya tare ni sai ya ce in ba shi labari, har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, ni kuma in huta.

Sai dai ni ba kwas kaɗai ya kai ni ba. Yayana yana can shekara bakwai ke nan. Ya je koyon haɗa magani, ya sami aiki a wani asibiti a Liverpool, aka kai masa matarsa, shi ke nan zama ya kama shi. Mahaifinmu ya rasu ba ya nan. Mahaifiyarmu kuwa, Dada, Bafulatana ce ta gaske, shi kuma ɗan farinta ne, don haka tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta tambayarsa, in ana karanta wasiƙarsa sai ta tashi ta shiga madafa. Ga shi yanzu idonta ya yi rauni, hotunan da yake aikowa ko an miƙa mata ba ta gani. Da na je yi mata sallama ta turo mini ƙunshin kuka da daddawa da ƙwaryar man shanu an ɗinke bakinta, ta ce, "Ka kai wa yarinyar nan," wato matar Yaya. Na tsaya ko za ta ƙara wani abu. Ta ce in yi sauri kada mota ta tashi.

Babbar mota muka hau zuwa Jos, don titin jirgin ƙasan da ake ta shimfiɗowa bai iso mu ba tukuna. Kuɗin mota sule biyar ne a baya, a kan buhunan gyaɗa. Muna wuce Miri na ga dawa ta kai ƙirjin mutum, manoma sun riga rana fita. A Tilde muka sha fura da nono na kwabo biyu, wadda har yau nake cewa ita ce abincin kirki na ƙarshe da na ci kafin in ga matar Yaya. Daga Jos jirgin ƙasa ya yi kwana biyu da mu kafin Ikko, yana tsayawa duk inda ya ga dama kamar mai zumunci. Daga nan sai jirgin ruwa, kusan mako biyu babu komai sai ruwa da dafaffen dankali marar gishiri. Babban cikinmu, wanda a Bauchi ya cika mu da labarin jarumtarsa, bai ɗaga kai daga matashi ba sai da muka ga ƙasa.

Yaya ya tare ni a tasha. Ya yi furfura a gefen kunne, abin da ba a gaya mini a wasiƙa ba. Makarantar da muke kwas ba ta da nisa sosai, saboda haka duk Asabar da Lahadi a wurinsa nake yi. Ɗaki biyu ne a saman bene, amma jama'a, kayan lantarkin da ke ciki sun fi na gidan Razdan, Baturen lardinmu, yadda nake jin labarinsa. Ga murhu marar hayaƙi, ga firiji, ga dutsen guga da ba ya son gawayi, ga wani injin shara mai gurnani wanda ranar farko ya sa na ɗage ƙafafuna sama ba shiri. Dukansu kuma wata 'yar mita ce a bayan ƙofa ke mulkinsu. In ba a jefa mata sule ba sai ta ɗauke wuta, ko da tuwo yana tsakiyar tuƙi.

Ni ma na yi nawa ƙauyancin. Da safe na so ruwan ɗumi na alwala, na ga wata buta mai ƙyalli, na cika ta na ɗora a kan murhu na kunna. Ashe ita da kanta take dafa ruwanta, igiya ake soka mata a bango. Ƙaurin roba ne ya fito da matar Yaya a guje. Da ma akwai wasa tsakaninmu, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Sannu Malam, kai ne aka aiko ka koyo ilimi ka kai wa 'ya'yan mutane?" Gaskiyarta ce kuwa.

Amma ita ma ba ta tsira ba, Yaya ya tona ta. Ya ce ranar da aka kawo akwatin talabijin, da mutumin ciki ya fito ya gyara zama ya yi gaisuwar yamma, sai ta zabura ta jawo mayafi ta rufe kai, ta rusuna ta amsa. Wata guda tana haka. Na yi dariya har da hawaye. Ita ko ba ta yi ba. Ta ce ta daɗe da sanin ba ya ganinta, ba ya jinta, amma mutum ya gaishe ka ka yi masa shiru, ba haka aka rene ta ba. Da na lura kuwa, har yanzu in ya yi gaisuwar sai na ga leɓenta ya motsa.

Ranar ta buɗe ƙunshin Dada. Ta ɗauki man shanun ta shinshina, ta daɗe ba ta ajiye ba. Yaya ya ce a sa a firiji, ta ce a'a, firiji kashe ƙamshi yake yi. Aka yi miyar kuka, da tuwon garin shinkafar kanti. Yaya ya ci ya ƙara.

Muna can aka ba ƙasarmu mulkin kai. 'Yan gida da ke garin suka taru a ɗakin Yaya da yamma don shi ke da akwati. Bayan labarai iri-iri sai ga Ikko, ga taro, ga sabuwar tuta, amma baƙi da fari kawai akwatin ke nunawa, sai da wani ya gaya mana inda koren yake. Kafin mu gyara zama an wuce zuwa labarin ƙwallo. Na ga Yaya ya matsa har goshinsa ya kusa taɓa gilashin, kamar in ya leƙa bayan taron zai hango duwatsun Bauchi. Da baƙi suka watse ya kashe akwatin, ya zauna yana kallon ɗan ɗigon hasken da ke saura a tsakiya har ya ɓace, sannan ya ce, "Ta ambace ni?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so. Na ce, "Yaya, ai ka san Dada."

Ya ce ya sani. Amma shekara bakwai yana zaune cikin mutanen da komai ke ransu sai sun faɗa da baki, har ya fara kasa rarrabe kunya da fushi. Baba ya rasu bai zo ba. Idan shirun nan ba na ɗan fari ba ne fa, idan na wanda aka cire daga rai ne? Ya ce abin da ke hana shi barci ke nan, kada ta tafi bai san ko da albarkarta yake yawo ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, haushinsa ma ya kama ni, don da ya zo gida da bai tsaya tambayata ba. Amma aikin asibiti ba ya sakinsa sai baɗi, Dada kuwa ba wanda zai ce ga abin da baɗi zai tarar.

Cikin kayansa akwai rakoda, wani akwati mai faifai biyu da zare mai ɗaukar murya. Da tafiyata ta matso muka yanke shawara ya yi mata magana a ciki, tunda kunnenta garau yake. Ya gwada sau biyu. Na farko Turanci ya yi ta kutsowa, na biyu kuwa kamar yana karanta wa Hakimi takarda. Ya kashe ya ce aikin banza ne, tana jin muryarsa za ta tashi ta bar wurin. Matarsa tana guga a gefe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ka yi mata sallama, sa'an nan ka yi shiru ka jira. Kunya ba ta hana amsa sallama. Ni da na amsa wa Bature a akwati?"

Haka ya yi. Ya yi sallama, ya bar zaren yana ta juyawa babu komai, sannan ya ci gaba. A ƙarshe ita ma ta yi tata gaisuwar. Ya ce in tafi da rakodar gaba ɗaya. Sai a cikin jirgin ruwa, ina kallonta a ƙarƙashin gado, na tuna gidanmu ba lantarki. Yaya ya manta, ni ma da na baro gidan wata uku kacal na manta.

Na sauka Bauchi ana yankan dawa. Na sha wahalar akwatin nan, don nauyinsa ya kai na buhun gero, yaran mota har tambayata suka yi ko dutse na sayo a Ingila. Makarantarmu tana da injin wuta, mai kula da shi wani Kirista ne mutumin Bogoro, abokina. Na gaya masa komai, ya ce ba damuwa, in kawo ta bayan la'asar zai tayar da injin. Sauran aiki shi ne fito da Dada. Na ce mata yarinyar nan ta aiko da godiyar man shanu, amma godiyar tana cikin akwati, akwatin kuma ba ya magana sai a makaranta. Ta ce, "Ikon Allah," ta nemi mayafinta.

Abokina ya shimfiɗa mata tabarma, ya ce da irin Hausarsa, "Mama ya zauna a nan," ya haɗa igiya, ya fita ya ja mana ƙofa. Na murɗa. Muryar Yaya ta cika ɗakin: "Salamu alaikum."

Dada ta dafa ƙasa za ta tashi. Faifan yana ta juyawa, ba abin da ke fita sai ɗan shuu. Ni ban taɓa jin shiru mai tsawon wannan ba, har na fara zargin Yaya ya wuce gona da iri. Ta tsaya a haka, hannu a ƙasa, ba ta tashi ba, ba ta koma ba. Can ta juya fuskarta wajen bango ta ce a hankali, "Wa alaikumus salam." Kamar ya ji, sai ga shi ya ci gaba, "Dada, mun same ku lafiya?" Ba ta amsa wannan ba, amma ta gyara zama. Ta ji shi har ƙarshe, da neman gafarar da ya yi, da gaisuwar matarsa. Da zaren ya ƙare ta goge fuska da bakin mayafi ta ce hayaƙin injin nan yana shigar mata ido, alhali injin yana can bayan ajujuwa.

Sai ta ce, "Ban ji yarinyar da kyau ba. Mayar da shi."

Na ce ai tata a ƙarshe take, bari in nemo wurin.

Ta ce, "Daga farko."

Masu tambayata abin da na koyo a Ingila, na koyo dabarun koyarwa, suna nan a takarda. Na kuma ga cewa kayan nan na lantarki suna rage wa mutum wahala ƙwarai, ina fatan su iso mu. Amma ba wanda ya san mu a cikinsu. Akwati zai ɗauko murya daga bayan teku, ba zai san inda ya kamata a yi shiru a jira tsohuwa ba, wannan sai wadda aka rena a gida. A daren na zauna zan rubuta wa Yaya doguwar wasiƙa, na yi ta yagewa. Abin da na aika masa a ƙarshe layi ɗaya ne: "Ta amsa, har sau uku, a na ukun kuma ta ce Allah Ya yi albarka."