Tuwon Gara

Bazara ce, kuma bana ta yi tsawo, ƙasa ta bushe har tana tsagewa. Da la'asar na je duba 'yan itatuwan da muka dasa bakin ƙorama don ruwa ya daina cin gonarmu. Na tarar gara ta lulluɓe gindinsu da jar ƙasa. Ina murje ƙasar nan da yatsa, sai Inna, uwar mijina, ta faɗo mini a rai.

Shekarun da muke dashen itatuwa kan tudun Keita, ta taɓa iske ni ina dukan gara da takalmi. Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

"Ke ɗiyata, faɗa da mai jin yunwa? Ba ta tuwonta can gehe."

Ta tona rami nesa kaɗan, ta zuba karan gero da kashin shanu, ta yayyafa ruwa, sannan ta kewaye dashen da toka. Yau awaki na kwanciya inuwar itatuwan nan.

Washegari na ɗauki kara da toka na nufi gona. Allah ya jiƙan Inna, ya ba ta inuwa kamar yadda ta bar mana.