Ranar da Wayar Baba Maniru Ta Cinye Data

Baba Maniru na Kajiji ya tsufa tsakanin awaki da albasa. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya ɗaga wa dabba sanda don ta yi ɓarna ba. In akuya ta faɗa masa fadama, da baki yake korar ta, ya ce cikinta ne ya aiko ta. Matarsa Nana Hauwa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya ɗaya, Ramlatu, mai aure a Boɗinga.

Daminar da Ramlatu ta haihu ta zo da nauyi. Ruwa ya yanke hanya, babur ba ya wucewa, gwiwoyinsa kuma sun daina yarda da doguwar tafiya. Surukinsa Ismail ya turo masa data, ya ce ranar suna da hantsi za su kira shi ta bidiyo ya ga jaririyar, wadda za a sa wa sunan marigayiyar.

Tun jajibiri ya kai wayar caji, sannan ya kashe ta don kada datar ta ragu. Da safe ya sa farar rigarsa, ya hau tudun bayan asibiti inda sabis ya fi ƙarfi, ya kunna ta tun lokaci bai yi ba. Wayar ta yi ɗumi a tafinsa. Wani siririn layi ya kama tafiya a fuskarta sannu a hankali, shi kuwa yana ta murmushi, a zatonsa jikar ce ke tahowa.

Zuwaira, ma'aikaciyar asibitin, ta fito shanya, ta leƙa.

"Baba, wayar nan sabunta kanta take yi. Ta kwashe datar kaf."

"Wa yas sa ta?"

"Ba kowa. Haka suke yi, ba su tambaya."

Ya juya wayar, ya shafa bayanta da babban yatsa. "Ashe wagga ma tana kiwo," in ji shi. Idanunsa suka cika da ƙwalla. Wayar Zuwaira ƙarama ce mai tocila, ba ta bidiyo, mai sayar da kati kuma yana can tsallaken ruwa.

Da bidiyo ya ƙi shiga, Ramlatu ta kira shi kiran murya.

"Ban ganinta, ɗiyata. Ki gane mini ita."

"Goshin Inna ne sak, Baba. Hancin kuwa naka ne, sai dai ta yi haƙuri."

Ya yi dariya har da tari. "Hannuwa hwa?"

"Dogayen yatsu. Tsaya in kara mata wayar."

Ya rufe ido, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. Can cikin hayaniyar mata ya tsinci wani ɗan numfashi, gajere, mai sauri, sai 'yar atishawa.

"Hauwa," ya ce a hankali, "kin daɗe ba ki zo ba."