Na Kai Baba Ya Ga Teku a Asini

Gummi zuwa Abuja

Muna idar da sallar asuba Inna ta fito da kwanon dambun nama ta tura cikin jakata. Baba kuwa tuni ya zauna a zaure da sandarsa, ya sha rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mahaifina malami ne, ya tsufa yana karantar da tafsiri a unguwarmu. Bara likita ya gaya mana hawan jinin ido ya ci gefen ganinsa, abin da ya rage sai tsakiya, shi ma raguwa yake. Ranar da muka dawo daga asibitin bai yi zancen magani ba. Cewa ya yi, "Kulu, na daɗe ina hwaɗa ma mutane labarin ruwan daɗi da ruwan gishiri da ka haɗuwa ba su cakuɗe ba. Ina son in gani da idona tun shina aiki." Yayana Sanusi, mai shagon takalma a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, yana jin haka ya ce in kawo shi.

Mun isa tasha da duhu-duhu, amma direba ya ƙi tashi sai da gari ya waye tangaran motoci suka taru. Haka ake bin hanyarmu yanzu, a jere, saboda 'yan bindiga. Mun wuce mararrabar Bukkuyum kowa na jan carbi. A wani shingen sojoji ɗaya ya leƙo ya tambayi Baba inda za shi.

"Teku za ni gani, yaro."

Sojan ya yi dariya ya sara masa, ya ce a wuce. A Anka ƙanwar Baba, Gwaggo Hajo, tana bakin hanya da gorar fura mai sanyi. Ta riƙe hannunsa ta taga tana cewa, "Yaya, kak ka shiga ruwan nan, ka ji? Kallo kurum!" Daga Gusau muka sake mota, muka bi Funtuwa da Zariya da Kaduna, muka kwana gidan wani tsohon ɗalibin Baba a Abuja.

Abijan

Jirgin sama bai girgiza Baba ba, ya taɓa hawa zuwa hajji. Aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, muka fito muka tarar da Yaya Sanusi. Ya durƙusa zai gaishe shi, Baba ya lalubo kansa ya shafa, ya ce, "Kai ma hurhura ta taho?" Muka kwashe da dariya, ni dai har da ƙwalla.

Washegari Yaya ya ari motar abokinsa muka nufi gabas, zuwa Asini. Bayan mun wuce garin Bassam hanya ta shiga tsakanin gonakin kwakwa da abarba. Mata na sayar da abarba a bakin titi, an fere ta fara tas, zaƙinta har yana kama maƙoshi.

Asini

Asini gari ne na masu hali. Dogon tafki ne a gefe ɗaya, teku a ɗaya gefen, siririn tudun rairayi a tsakani. Gidaje farare masu bangon gilashi sun jeru a bakin ruwa, kowanne da kwalekwalen inji ɗaure a ƙofa kamar yadda muke ɗaure babur. Masaukinmu ɗakuna ne masu rufin ciyawa, amma ciki na'urar sanyi ce da gado mai laushin da Baba ya ce ba zai iya tashi sallah daga kansa ba, a shimfiɗa masa a ƙasa. Da na gaya masa akwai kududdufin wanka da aka gina da tayil taku kaɗan daga tafki, sai ya ce, "Ga ruwa Allah ya zuba musu kyauta, sunka sake gina tabki? Kuɗi dai ba su da aikin yi."

Da la'asar muka tsallaka tafkin zuwa bakin teku. Nan hankalina ya tashi. An yi yayyafi, hazo ya rufe ko'ina, sama da ruwa duk sun zama fari ɗaya. Rugugin kawai ake ji. Baba ya tsaya ya daɗe yana juya kai, yana neman inda zai ajiye ɗan ganin nasa.

"Ina jin shi," ya ce a hankali. "Amma ban ga komi ba, Kulu. Ko mun makara?"

Na ce hazo ne, mu ma ba ma gani sosai. Ban san ko ya yarda ba. Da magariba ko kifin da aka kawo bai taɓa ba.

Gari ya waye garau. Muna fitowa muka ji ƙamshin tsire, kuma muka ji mai tsiren yana ce wa wani, "Mi kaka so?" Baba ya ja birki. Ashe mutumin Birnin Ƙonni ne, Malam Ila, ya shekara da shekaru a nan. Suka gaisa kamar 'yan ɗaki ɗaya. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce, "Ai mashiga za ku, inda tabki ka shiga teku. Ku tahi yanzu, rana na bayanku." Shi ya kira mana mai kwalekwale, kuma ya naɗe mana tsire ya rantse ba zai karɓi komai ba.

Muka sa rigunan kariya masu ruwan lemo, Baba ya ɗora tasa kan babbar riga. Kwalekwale ya yi ta tsaga tafki. Muka wuce otal-otal masu laimomi, da samari masu tsere kan baburan ruwa, da Turawa kwance a rana sun shafe jiki da mai. Yaya ya fara kame-kamen yadda zai kawar da hankalin Baba daga shigarsu. Baba ya ce, "Bar wahal da kanka, Sanusi. Nan kam rashin ganin gefe rahama ne."

Can sai tudun rairayin ya ƙare, duniya ta buɗe. Mai kwalekwale ya rage inji ya nuna da hannu. Ruwan tafki ja-ja ne kamar shayi, na teku shuɗi mai duhu, ga layi a tsakaninsu yana lanƙwasa, farin kumfa na bin sa. Na kama kafaɗun Baba na juya shi saitin wurin, na ɗaga haɓarsa kaɗan.

Ya ƙura wa wurin ido.

"Tsaya nan," ya ce. "Kak ki motsa ni. Ga ja. Ga shuɗi. Allahu akbar, ga shi nan!"

Hawaye suka bi gemunsa, yana dariya yana tasbihi. Ya sa aka ɗebo masa na wannan gefe ya ɗanɗana, aka matsa aka ɗebo na wancan, ya tofar yana yamutsa fuska. "Gaskiya ni ka hwaɗa ma mutane," ya ce, "sai dai na rage mata girma."

Muka sauka a rairayin. Ya naɗe wando ya ce sai ya taka. Igiyar ruwa ta farko ta shafi ƙafarsa ta koma, ta biyu ta zo da ƙarfi ta jiƙa shi har gwiwa ta tafi da takalminsa ɗaya. Yaya ya bi shi da gudu, Baba na kiransa, "Bar mishi! Ɗana na da shagon takalma!" A nan ƙarƙashin wata rumfa muka ci gasasshen kifi da acake, wato garin rogo da ake turarawa kamar dambu, da soyayyar ayaba. Baba ya cinye nasa ya nemi ƙari, ya sha ruwan kwakwa biyu.

Komawa gida

Mun biyo hanyar da muka bi, muka shiga Gummi ana kiran la'asar. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, ka yi baƙi, kuma ka yi ƙiba." Maƙwabta suka cika zaure, ya yi ta ba su labari har tuwo ya huce.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Sanusi, da Malam Ila mai tsire, da direbobin da suka yi haƙuri da tsoho.

Ganin Baba ya ƙara raguwa tun daga lokacin. Amma da yamma in ɗalibai sun watse yakan ce in kunna masa ƙarar tekun da na ɗauka a waya. Sai ya kara ta a kunne yana murmushi, can ya ɗaga yatsa ya ce, "Saurara, Kulu. Wagga igiya da ka tahowa babba ce."