Turmi Gabas, Taɓarya Yamma

Duk wanda ya zauna gidan Kawu Illa a Harobanda ya san ba a ce wa ɗaki ɗaki, jiha ake cewa. Tuƙin kamiyo ya kai shi Najeriya, can ya kwaso ciwon. Kullum da safe sai ya shanya pil ɗin rediyonsa a rana, ya hau tabarma ya ce, "Gwamnatin tarayya ta buɗe." Ni da lakwal ta koro tun ajin fari, ni ne ministan shara.

Jihar gabas ta Garba tela ce, ɗan jam'iyyar giwa. Ta yamma ta Abdu mai katako, ɗan jam'iyyar raƙumi. Soja sun rushe jam'iyyu, amma gabarsu ba ta ji sanarwa ba. Ko igiyar shanya matansu ba sa haɗawa.

Ran nan akuyar Abdu ta tauna wandon da Garba ke ɗinki. Ya kawo ƙara yana huci.

"A ina ta ci?" in ji Kawu.

"Ƙofar ɗakina."

"Harkar jiha ce. Tarayya ba ta shiga wando."

Sai fari ya zo. Aka raba jar dawar taimako, tauri kamar tsakuwa, ga turmi ɗaya a gidan, na Kawu. Kowane ɓangare ya rantse ba ya daka bayan wancan. Abdu ya fara ɗaure kaya, alhali ba inda zai kai yaransa.

Sai Kawu ya tashi. Ya mirgina turmi gabas, ya miƙa taɓarya yamma.

Na ce, "Kawu, wannan wace doka ce?"

"Rabon iko, minista."

Ranar ba a hura wuta ba, Kawu ma bai sa komai a bakinsa ba. Yara na ta kuka. Da la'asar sai ga matar Abdu da taɓarya a kafaɗa, ta nufi gabas. Ni dai na laɓe bayan randa.

Ta ce, "Matar giwa, zuba dawar, hannunki ba ƙarfi."

"To dogon wuya, daka mu gani."

Da aka sauke tuwo, Garba ya ɗanɗana miya ya ce gishirin 'yan adawa ne. Abdu ya ce, "Amma lomarka ba ta ragu ba." Kayansa kuwa ya kwance su.

Ranar da Kawu ya rasu, su biyun suka ɗauki makara, Garba gaba, Abdu baya, suna gardamar wa ke sauri.

Allah Ya jiƙan Kawu Illa, Ya yalwata masa makwanci. Mu kuma da ya bari, Allah kada Ya raba turminmu da taɓarya.